Daga Awon Ɗani Zuwa Lambar Ƙasa: Tarihin Auna Talaucin Yara a Fazzan

 

A watan Satumba na shekarar 2015 shugabannin ƙasashen duniya suka hallara a zauren Majalisar Ɗinkin Duniya, suka ɗaukar wa kansu alkawura 17 da suke fatan cikawa kafin 2030. Na farko a jerin shi ne kawar da talauci, a ƙarƙashinsa kuma aka ce kowace ƙasa za ta rage yawan matalautanta, maza da mata da yara, da aƙalla rabi. Tun daga nan rahotanni ba su yanke ba. A 2023 hukumar UNICEF da Bankin Duniya suka bayyana cewa yara miliyan 333 ne ke cikin matsanancin talauci a duniya, alhali a 2013 sun kai miliyan 383. Ragin miliyan 50 ke nan, kuma ba ƙaramin abu ba ne.

Sai dai duk wanda ya taɓa awon gero a kasuwa ya san ba a yabon ciniki sai an duba mudu. Akwai mudu cikakke, akwai wanda aka lotsa wa gindi, akwai kuma mai awon da ke shafe bakin mudu da hannu kafin ya juye. Tambayar da ta shafe mu, mu Hausawan Fazzan, ita ce: idan aka ce talaucin yara ya ragu, su wa aka ƙirga? Yaron da aka haifa a Mahdiya, mahaifiyarsa daga Damagaram, mahaifinsa yana aikin gona a Tamanhint ko Samnu, yana cikin wannan lissafi? Ƙasar nan ta daɗe tana auna 'ya'yan Hausawa, kowane zamani da irin ma'auninsa. Bin wannan tarihi shi zai koya mana abin da za mu nema a bayan kowane adadi da aka karanto mana.

AWON ƊANI

Kafin Sabha ta zama babban birnin kudu, Murzuk ce fadar Fazzan. A nan ayarin Borno da ya biyo ta Bilma yake sauke kaya, nan kuma fataken da suka taso daga Kano da Katsina ta Agadas da Gat suke yada zango kafin su kama hanyar Tarabulus. Kayan ayari sun haɗa da rinannun tufafin Kano, da jemammun fatu, da hauren giwa, da gashin jimina. Sun haɗa da mutane kuma. Heinrich Barth, Bajamushen da ya yi yawo a ƙasashenmu da sunan Abdulkarim, ya shiga Kano a watan Fabrairu na 1851, ya ƙiyasta cewa bayin da ake fitarwa daga birnin duk shekara sun kai 5,000, ko da yake ba dukkansu ake ƙetara Sahara da su ba.

A 1843 Ingila ta buɗe ƙaramin ofishin jakadanci a Murzuk, ta ɗora wani ɗan kasuwa mai suna Gagliuffi a kansa. Cikin ayyukansa akwai ƙirga bayin da ke shigowa gari ya aika da lissafin Tarabulus: nawa ne, daga ina aka kawo su, maza ne ko mata. Takardunsa sun nuna mata sun fi yawa, da dama daga cikinsu kuwa ba su gama girma ba. Wannan yana cikin lissafin farko na rubuce da ya taɓo 'ya'yan ƙasar Hausa a Fazzan, kuma a shafin haja aka sa su.

Gustav Nachtigal, likitan da ya zauna a Murzuk a 1869 kafin ya isa Kukawa a 1870, ya bayyana yadda ake yi wa yara kuɗi a kasuwar bayi ta can. Da ɗani ake awon, wato tazarar da ke tsakanin babban yatsa da na tsakiya idan an ware hannu, a ɗauko daga idon sawu zuwa kunne. Mai ɗani biyar shi ne humasi. Mai ɗani shida shi ne sudasi, yaro ɗan shekara 12 zuwa 15, shi aka fi nema. Gwamnatin Turkawa ta Santambul, wadda ke mulkin Tarabulus da Fazzan a lokacin, ta haramta wannan fatauci a 1857, amma ya ci gaba a ɓoye shekaru masu yawa. Ayari ya koma shigowa gari da dare, ko ya kauce ta wata hanya. Adadin da ke cikin takarda ya ragu tun kafin yaran da ke kan hanya su ragu. Tun daga nan tarihi ya nuna mana cewa lamba tana iya sauka don matsala ta yi sauƙi, tana kuma iya sauka don an daina gani.

Cikin 'yan kaɗan ɗin da muryarsu ta iso gare mu akwai Dorugu. An haife shi a Dambanas, kusa da Kance ta ƙasar Damagaram. Mahara suka kama shi yana yaro, aka sayar da shi a Borno, har wani Bature mai suna Overweg ya 'yanta shi. A 1855 ya biyo Barth suka ƙetaro Sahara ta Bilma da Murzuk zuwa Tarabulus, daga nan sai Ingila. A can ya ba J. F. Schön labarin rayuwarsa da harshen Hausa, aka buga shi a littafin Magana Hausa a 1885. Ya komo gida, ya koyar a makarantar Ɗan Hausa ta Nasarawa, ya rasu a Kano a 1912. Ta bakinsa muka ji abin da lissafin ayari bai ɗauka ba, wato cewa kowane kai da aka ƙirga yana da gari da gona da iyayen da aka raba shi da su. Mu riƙe sunan Kance, domin zai sake fitowa a wannan tarihi.

ƘIDAYAR MAI KARƁA

Da Turawa suka zo, Faransa ta kama Damagaram a 1899, Ingila ta ci Kano a 1903, sai ƙidaya ta koma ta haraji da jangali. A Arewacin Najeriya dagaci da mai unguwa su ke rubuta baligai masu biya. A Nijar Faransa ta ɗora lanho a kan kawunan mutanen gida. Nan da nan talaka ya gane cewa duk wanda aka rubuta sai an biya masa, saboda haka ɓoye yaro idan mai littafi ya shigo ya zama dabarar tsira. Da yunwar Kakalaba ta afka wa ƙasar Hausa a 1913 zuwa 1914, mutane masu ɗimbin yawa suka halaka daga Kano har Damagaram. Littafin haraji ya nuna giɓin kuɗin da bai shigo ba, amma an yi shi ne don sanin mai biya, ba shi da shafin jariran da aka binne.

A nan Fazzan ma haka abin ya kasance. Italiya ta shigo a 1914 aka kore ta, ta dawo a 1930, ta yi ƙidayar Libiya a 1931 da 1936. Daga 1943 zuwa 1951 sojojin Faransa ne ke riƙe da Sabha. Duk ƙidayar da aka yi a waɗannan shekaru ta mai mulki ce da ke son sanin abin da ya mallaka. A Kano, Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a 1979, amma tsoron mai takarda da biro bai tafi tare da su ba. Har yau idan baƙo ya shigo lungu yana tambayar mutum nawa ne a gidan nan, ƙofofi rufewa suke yi. Wannan tsoro gado ne, kuma yana da dalili.

SHEKARUN DA MUDU YA TSAYA WURI GUDA

Libiya ta samu 'yancin kai ranar 24 ga Disamba, 1951, tana cikin ƙasashen da suka fi talauci a duniya. Masanan da Majalisar Ɗinkin Duniya ta turo, ciki har da Benjamin Higgins, sun tarar abin da ke shiga hannun mutum ɗaya a shekara bai kai dala 50 ba. Manyan abubuwan da ƙasar ke sayarwa waje sun haɗa da ciyawar halfa da tarkacen ƙarafan da yaƙin duniya na biyu ya bari a hamada. Kusan mutum tara cikin goma ba su iya karatu ba. Ƙidayar farko ta ƙasa mai 'yanci, a 1954, ta tarar da mutane kusan miliyan 1.1, na Fazzan kaf ba su cika 60,000 ba.

A 1959 aka tono man fetur a Zaltan, a 1961 aka fara fitar da shi. Abin da ya biyo baya ya bayyana a ma'aunin da ya fi kowane wuyar ruɗi, wato yawan yaran da ke rasuwa kafin su cika shekara biyar. A 1960 sun kai wajen 270 cikin kowace haihuwa 1,000, fiye da ɗaya cikin huɗu ke nan. A 1990 sun sauko zuwa wajen 42. Kafin 2020 ba su kai 15 ba. Rigakafi da asibitoci da ruwan famfo da makarantun kyauta su suka yi wannan aiki, kuma dattawan Sabha shaida ne. Abin lura shi ne, mun iya faɗar haka da ƙarfin gwiwa saboda ƙasar ta yi ƙidaya a 1954, 1964, 1973, 1984, 1995 da 2006. Mudu guda aka riƙa maimaitawa kusan duk shekara goma, sai bambanci ya fito fili.

Wannan wadata ce ta jawo da yawa daga cikin iyayenmu. Farin 1973 zuwa 1974, da na 1984 zuwa 1985, sun kori dubban magidanta daga Damagaram da Maraɗi da Tawa da Agadas, suka nufo arewa neman aikin gona da gini da kiwo. Suka tarar da zuriyar Hausawan da suka zauna a nan tun zamanin ayari, waɗanda suka zama 'yan ƙasa kamar kowa. A 1993 Libiya ta shiga Yarjejeniyar Haƙƙin Yara ta 1989, wadda ta wajabta wa kowace ƙasa kula da duk yaron da ke cikinta ba tare da duba asalinsa ba, ta kuma ce a yi masa rajista da zarar an haife shi.

YADDA DUNIYA TA KOYI AWO

Shi kansa auna talauci ilimi ne da ya girma sannu a hankali. A 1899 wani Bature mai suna Seebohm Rowntree ya sa aka bi gidajen ma'aikata na birnin York a Ingila gida-gida, ya lissafa kuɗin abinci da haya da sutura da iyali ke buƙata, ya tarar kusan kashi 28 cikin ɗari na mutanen garin suna cikin talauci. Ya kuma lura cewa talaka yakan faɗa ƙunci sau uku a rayuwarsa: yana yaro, da sa'ad da nasa 'ya'yan suke ƙanana, da kuma bayan ya tsufa. Biyu daga cikin ukun nan yara suka shafa.

A 1990 Bankin Duniya ya ja layin dala ɗaya a rana, duk wanda ke ƙasa da shi matalauci ne. Layin ya koma dala 1.25 a 2008, ya koma 1.90 a 2015, ya koma 2.15 a 2022, sannan dala 3 a 2025. Duk sa'ad da aka matsar da shi, yawan matalautan duniya yakan canza a takarda ba tare da tukunyar kowa ta canza ba. Raunin wannan awo a kan yara a fili yake. Ana haɗa abin da gida ke kashewa ne a raba da yawan mutanen ciki, kamar kowa na samun rabo daidai. Duk wanda ya tashi a gidan Bahaushe ya san kwanon maigida daban, na yara daban, kuma kuɗi a aljihun uba ba shi ne takalmi a ƙafar ɗa ba.

Saboda haka a 2003 masana a Jami'ar Bristol, bisa buƙatar UNICEF, suka auna yaron da kansa ta fuskoki bakwai: abinci, ruwan sha, makewayi, lafiya, muhalli, ilimi da samun labarai. Suka sa sharuɗɗa masu tsauri, kamar yaron da ke shan ruwan tafki, ko wanda suke kwana fiye da mutum biyar a ɗaki ɗaya, ko ɗan shekara 7 zuwa 18 da bai taɓa shiga aji ba. Suka tarar fiye da yara biliyan ɗaya sun rasa aƙalla ɗaya daga cikin bakwai ɗin. A 2010 Jami'ar Oxford da hukumar UNDP suka fito da ma'aunin talauci mai fuskoki da yawa, mai alamomi goma. Da Hukumar Ƙididdiga ta Najeriya ta yi irin wannan awo a 2022, ta ce mutum miliyan 133, kashi 63 cikin ɗari, matalauta ne. A cikin yara adadin ya kai kashi 67.5. Jihar Sakkwato ce kan gaba da kashi 91, Ondo kuwa 27. Da an tsaya a kan adadin ƙasa baki ɗaya, da wannan tazara ta ɓace.

Maraɗi ta ba da darasi mafi ɗaci a 2005. Bayan fari da farar ɗango sun taɓa amfanin gonar 2004, hukumomi suka auna giɓin hatsi, suka ga bai yi girman da zai firgita ba, hankalinsu ya fi karkata ga yankunan makiyaya. Alhali a kudancin Maraɗi, inda ake noma sosai, kasuwa cike take da gero amma kuɗinsa ya fi ƙarfin talaka, tamowa kuma tana cin yara. Ƙungiyar likitocin nan ta Na-gari Na-kowa, wato MSF, ta yi jinyar yara fiye da 60,000 masu tsananin tamowa a Nijar a wannan shekara. Masu auna rumbu ba su hango su ba. Waɗanda suka auna jikin yaran su suka gan su. Cikin kayan wannan aiki akwai ɗan siririn ma'auni mai launi uku da ake zagaya dantsen yaro da shi. A ƙa'idar yau, idan ɗan wata 6 zuwa shekara 5 ya gaza santimita 11 da rabi, ma'auni ya nuna ja, yana buƙatar jinya nan take. Dillalin Kukawa da ma'aikaciyar jinyar Maraɗi duk jikin yaro suka auna. Niyyar mai awo ce ta bambanta.

MAHDIYA A CIKIN MUDU

A ma'aunin nan na Oxford da UNDP, Nijar ta daɗe tana da kimanin kashi 90 cikin ɗari na matalauta, bisa binciken 2012. Libiya kuwa kashi 2 kacal, bisa binciken lafiyar iyali na 2014. Idan da takarda ce gaskiya, yaron da ya taso daga Tanut ya ƙetaro iyakar Tummo a bayan mota ya rabu da talauci ke nan da ya sauka a Sabha. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Abubuwa uku ne suka hana kashi biyun nan ya zama hoton lungunanmu.

Na farko, ƙidayar gama-gari ta ƙarshe a ƙasar nan ita ce ta 2006. Ta tarar da mutane wajen miliyan 5.7, baƙi a ciki wajen 360,000, alhali ƙiyasin ƙungiyoyin duniya na baƙin da ke aiki a Libiya kafin 2011 ya zarce miliyan ɗaya nesa ba kusa ba. Binciken gida-gida kuwa daga jerin gidajen ƙidaya yake zaɓar waɗanda zai ziyarta. Iyalin da ke kwana a bukkar gona, ko a kangon ginin da ba a gama ba, ko a wurin tsare baƙi, da wuya ƙuri'a ta faɗo kansu.

Na biyu, adadin ƙasa baki ɗaya yana lulluɓe kudu. Daga rijiyoyin Sharara da ke kusa da Ubari man fetur ke tafiya arewa, daga Dutsen Hasawna kuma ruwan da Tarabulus ke sha yake tashi. Duk da haka mutanen Fazzan sun sha layin mai da yankewar wuta da bankunan da ba kuɗi, abin da ya haifar da zanga-zangar Fushin Fazzan da ta rufe Sharara a Disambar 2018. Faɗace-faɗacen da aka yi a Sabha a 2012 da 2014 da 2018 sun rufe makarantu, sun raba iyalai da gidajensu. Wannan wahala ta shafi 'ya'yan Larabawa da Tubawa da Buzaye da Hausawa, ba ta tambayi kowa ƙabila ba.

Na uku shi ne lamba. A 2013 aka fara rabon lambar ƙasa, doka ta 8 ta 2014 ta ƙarfafa ta, albashi da fasfo da tallafin gwamnati suka rataya a kanta. Doka ta 27 ta 2013 ta ware wa kowane yaro ɗan ƙasa dinari 100 a wata, aka fara biya a 2021, kuma da lambar ake biya. A kudu akwai dubban iyalai da takardun zamansu 'yan ƙasa suka maƙale shekaru da yawa, aka ba su lambar wucin gadi da ake kira raƙam idari, wadda ba ta buɗe duk ƙofofin da lambar ƙasa ke buɗewa. Ke nan a lungu ɗaya na Mahdiya ana iya samun yara uku suna wasa da Hausa: mai lambar ƙasa, da mai lambar wucin gadi, da wanda ko takardar haihuwa ba shi da ita. Na farko ne kawai mudun gwamnati ke ɗauka cikakke. Tun 2016 Hukumar Ƙaura ta Duniya, IOM, tana ƙirga baƙi a garuruwan Libiya, a shekarun baya 'yan Nijar ne suka daɗe kan gaba a yawa, yara kuma kusan ɗaya cikin goma. Amma wannan ƙidayar zirga-zirga ce, tana faɗar mutum nawa ne a gari, ba a yi ta don bin girman yaro shekara bayan shekara ba.

A watan Oktoba na 2013 aka tsinci gawarwakin mutum 92 a hamadar arewacin Arlit, kusa da iyakar Aljeriya, bayan motocinsu sun lalace ƙishirwa ta kashe su. 52 daga cikinsu yara ne, 33 mata, 7 maza. Mafi yawansu daga Kance suka fito, ƙasar su Dorugu. Talauci ne ya fito da iyayensu mata da su, shekara fiye da 150 bayan tafiyarsa. An ƙirga su daidai, ba a rage ko ɗaya ba, amma sai bayan sun rasu.

Malaman tarihin Musulunci sun kawo cewa Sayyidina Umar, Allah Ya ƙara masa yarda, ya fara ware wa yara rabo daga baitulmali ne bayan an yaye su. Da ya gano wata uwa na gaggauta yaye jaririnta don ya shiga littafi, sai ya mai da rabon tun daga ranar haihuwa. Ya ga cewa sharaɗin shiga littafi yana iya cutar da wanda aka buɗe littafin dominsa, ya gyara sharaɗin. Wannan ita ce tambayar da ke gaban hukumomin yau game da yaron da ba shi da lamba.

ABIN DA KE HANNUNMU

Duk sa'ad da aka karanto mana adadi, a rediyo ne ko a Facebook, mu tambaya: su wa aka ƙirga, yaushe aka ƙirga, kuma mudun bana shi ne na bara? Adadin da ba zai amsa waɗannan ba bai isa a yi murna ko baƙin ciki a kansa ba.

Sannan mu kula da takardun 'ya'yanmu. Shaidar haihuwa daga asibiti da katin rigakafi su ne matakin farko na shiga kowane littafi, mu adana su kamar yadda muke adana kuɗi. Ga 'yan Nijar akwai ƙaramin ofishin jakadancinsu a nan Sabha, ga 'yan Najeriya akwai ofishin jakadancinsu a Tarabulus. Yaron da aka yi wa suna aka yanka masa rago amma ba a rubuta shi a ko'ina ba, zai sha wahalar shiga makaranta a nan, zai kuma sha ta idan an koma gida. Cikin alkawuran 2030 akwai na cewa kowane ɗan'adam ya samu shaidar kasancewarsa a hukumance, har da rajistar haihuwa, don haka neman wannan takarda neman haƙƙi ne.

Bayan haka, babu abin da ya hana mu riƙe namu mudun. Duk shekara kowane magidanci yana ƙirga kawunan gidansa don fitar da zakkar fidda-kai, har da jaririn da aka haifa kafin Sallah. A wannan lokaci shugabannin al'umma da limamai da iyayenmu mata masu karɓar haihuwa za su iya tattara amsoshi biyar daga kowane lungu: yara nawa aka haifa bana, nawa ke da takardar haihuwa, nawa suka gama rigakafi, nawa cikin 'yan shekara 6 zuwa 15 ke zuwa makaranta, nawa ne dantsensu ya nuna ja. Mun san doka ta 19 ta 2010 tana hukunta zaman da ba izini, kuma jerin sunaye idan ya faɗa hannun da bai dace ba zai iya zama bala'i. Saboda haka sunaye su tsaya a ƙirjin amintattu, adadi kawai ya fita. Idan aka maimaita tambayoyin nan biyar kowace ƙaramar Sallah ba tare da an canza su ba, cikin shekara uku za mu san ko gaba muke yi ko baya. Za mu kuma sami abin da za mu ajiye a gaban majalisar gari da makarantu da ƙungiyoyin agaji, maimakon mu je da koke kawai.

Kakanninmu sun ɓoye 'ya'yansu daga mai littafi don su kare su, kuma a zamaninsu sun yi daidai. A namu zamanin allurar rigakafi da kujerar aji da gadon asibiti ana tanadinsu ne gwargwadon adadin da aka sani, wanda ba a ƙirga ba kuwa ba a sa rabonsa. Hausawa sun ce ɗa na kowa ne. Allah Ya raya mana zuriya, Ya ba ƙasar nan da ƙasashenmu na asali zaman lafiya, Ya jiƙan waɗanda hamada ta riƙe. Amin.